Cinikin Ƙarshe na Dona Filomena

"Kada ki taɓa wayar nan, Odete. Bari in gama da baiwar Allah tukuna."

Dona Filomena ce ke faɗin haka, tana zaune dirshan a ƙasa bayan kanta, kwalin maɓallai ya kife a cinyarta, leɓɓanta sun yi launin toka. Daga kan tsani ta zamo, a kan idona. Ni robar wando kawai na shigo saya, da silifas a ƙafata, don gidana na kallon kantin ne.

"Ki gama da wa? Ke da ko numfashi ba kya iyawa!"

"Yi mini shiru." Ta ɗaga ido ta dubi matar da ke tsaye riƙe da rigar sanyin jikanta, duk ta rikice. "'Yata, miƙo rigar. Wannan shuɗin ya cika duhu. Duba wancan da ya gangara ƙarƙashin kujera."

Matar ta durƙusa ta lalubo maɓallin. Sai da Dona Filomena ta ɗora maɓallin a kan rigar, ta karkata kai ta duba, sannan ta ce, "Shi ne. To, Odete, yanzu kira su."

Kantin nata ɗan ƙarami ne, mutum huɗu suka shiga ya cika. Zare, ulu, allura, zif, leshi, safa da kayan ciki na mata, abin da take sayarwa ke nan tun kafin in yi aure. Akwai manyan kantuna a ƙasan garinmu na Covilhã da suka fi ta kaya da araha, amma matan unguwa, har da na ƙauyukan kan dutse, gangarar nan suke hawowa suna haki. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce wa mutum me kake so ba. Sai ta fara tambayar gwiwarki, ko 'yarki da ke Lisbon, ko ta ce kin rame wa ke cinye miki abinci. Kafin ki ankara kin zauna a kujerar katakon da ke gindin kanta, abin da ya kawo ki ya fito da kansa.

A asibiti ba su riƙe ta da daɗewa ba. Suka sallamo ta da tukunyar iskar numfashi da jakar magunguna. Likitar ta ja ni gefe, ta ɗauka ni 'yarta ce, ta ce zuciyar ta gaji, abin da ya rage a bar ta a kan gadonta. Na kira ɗanta Telmo da ke Faransa, ya ce zai taho da zarar an ba shi hutu a wurin aiki.

Ɗakinta a saman kantin yake, wata siririyar matakala ce ta haɗa su. Ranar da muka kwantar da ita, ta cire makulli daga wuyanta ta cusa mini a hannu.

"Gobe ki buɗe."

"Ni? Dona Filomena, ni masaƙa na yi wa aiki duk rayuwata. Da inji na saba, shi kuwa ba ya son gaisuwa."

"Shi ya sa fuskarki ta zama kamar ƙofar kurkuku. Ki buɗe kawai. Ki bar ƙofar matakala a buɗe, ina jin ku."

Ta kuwa ji mu. Da ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, sai in ji gadon ya motsa a sama. Da mai saye ya fita, sai sandarta ta fara dukan katakon ɗaki, in bar komai in hau. A rana ɗaya na hau matakalar nan har cinyoyina suka yi tsami.

Wata safiya wani tsoho ya shigo ya ce in yanka masa baƙin ƙyalle, irin wanda maza ke ɗaurawa a hannun kwat. Na auna, na yanka, na naɗe, ya biya ya fita. Ni har ina jin daɗi na yi ciniki ba kuskure. Sandar ta fara.

"Wa ya shigo?"

"Wani tsoho ne. Baƙin ƙyalle ya saya."

"Wa ya rasu masa?"

"Ina zan sani?"

Ta janye robar iskar daga hancinta. "Mutum ya shigo sayen baƙin ƙyalle, ki miƙa masa kamar kwalin sigari? Bi shi!"

"Dona Filomena, ya yi nisa."

"Tsoho ne, gangara ce. Bi shi na ce!"

Na bar kanti a buɗe na gangara da gudu. A bakin tashar bas na cim masa, na tsaya ina haki, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai kantin ce ta ce in tambaya wa aka rasa." Ya dube ni, ya faɗa mini. Ƙanensa ne, wanda suka yi kiwon tumaki tare tun suna yara. Bas ta zo ta wuce, bai shiga ba. Ya ba ni labarin ƙanen nan tun daga haihuwarsa, ni kuwa rabin hankalina na can kan ƙofar da na bari a buɗe da matar da ke sama. Da na dawo na kwashe mata duka, ta rufe ido ta ce, "Allah sarki, Anselmo ne tsohon nan. Shi kaɗai ya rage ke nan." Ta ɗan yi barci, na farko da na ga ta yi da rana.

Ni ce na kasa zama. Ina kanti kunnena na sama, ina sauraron numfashinta. Ina sama kunnena na kan ƙararrawa. Na koma gida in dafa miya in manta ta a wuta, in tsaya a taga ina kallon tagarta. Ƙafafunta suka fara kumbura, maganarta ta fara yankewa, amma tambayar ba ta canza ba: wa ya shigo, me ya ce, yaya kika gan shi.

Ranar Litinin wata mata ta shigo, doguwa, za ta yi shekara hamsin da ɗoriya, ta rungume jaka a ƙirji da hannu biyu. Ta dube ni, ta leƙa bayana, ta dubi labulen ɗan ɗakin gwaji.

"Dona Filomena ba ta nan?"

"Tana kwance ba lafiya. Me za a ba ki?"

Ta ƙara rungume jakar. "Fil. Ba ni fil na maƙala yadi."

Ta karɓa ta fita. Washegari ta sake dawowa, ta sake leƙa bayana, ta sake sayen fil. Da na hau na faɗa wa Dona Filomena ina dariya, sai na ga ta yunƙura za ta tashi.

"Doguwa? Tana karkata kafaɗar hagu?"

"Ƙwarai."

"Zulmira ce. Wayyo, na manta da Zulmira! Yau wace rana?"

"Talata."

"Asabar ne bikin 'yarta." Ta kama hannuna da ƙarfin da ban zaci yana jikinta ba. Ta ce a bara aka yi wa matar tiyata, ciwon daji, aka cire mata nono ɗaya. Tun daga nan ba ta sake sa rigar da ta kama jikinta ba, ba ta shiga taro, ko mijinta ba ta bari ya gan ta tana canza kaya. Wata da watanni tana zuwa kantin tana zama a kujerar nan suna hirar kaji da ruwan sama, kafin rannan ta buɗe baki ta faɗi abin da ke damunta. Dona Filomena ta yi mata odar rigar nono ta musamman daga Porto, mai aljihu da abin cikawa. Rigar ta iso tun kafin Dona Filomena ta faɗo daga tsani, tana cikin durowar ƙasa.

"To in ta dawo sai in miƙa mata."

"Miƙa mata? Ba burodi ba ne. Sai an gwada, an gyara. Kuma ba za ta tuɓe a gabanki ba, da wannan fuskar. Ɗaga ni in sauka."

Ko zama ba ta iya yi ba. Ta koma kan filo tana neman iska, ni ina riƙe da robar a hancinta.

Ranar Laraba Telmo ya iso. Ya kwana yana tuƙi, idonsa jawur. Ya hau ya ga uwarsa, ya daɗe, ya sauko ya same ni ina auna wa wata yarinya leshi. Ya jira ta fita.

"Maƙwabciya, na gode da duk abin da kika yi. Amma uwata na mutuwa a sama, ke kina sayar da zif a ƙarƙashinta?"

"Ita ta ce in buɗe."

"Ita ta ce! Ƙararrawar nan na kaɗawa tana zabura, na gani da idona. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta ce hutu take bukata." Ya miƙo hannu. "Ba ni makullin."

Ɗanta ne, ni maƙwabciya ce kawai. Na ba shi. Ya ja ƙofar ƙarfen ƙasa, ƙararta ta cika titi.

Hutun bai zo ba. Ranar Alhamis da na kai mata miya, na tarar ta cukuikuye zanin gado, kanta na juyawa daga taga zuwa ƙofa.

"Yau Lahadi ce?"

"Alhamis ce, Mama," in ji Telmo.

"To me ya sa ba kowa?"

"Ruwa ake yi."

"Ruwa bai taɓa hana su ba." Ta dube ni. "Odete, kin kore mini su ko? Sun daina zuwa?"

Na dubi Telmo, ya kau da kai. Ta ƙi shan miyar. Wunin ranar ba ta runtsa ba, tana ta kasa kunne ga kantin da ba motsi. Ni ma na kasa tsayawa wuri ɗaya. Na share ƙofar gidana, na sake sharewa, idona na kan gangara.

Da hantsin Juma'a ina tsaye a taga na hango ta. Zulmira ce, da jakarta da wata babbar leda, tana tsaye gaban ƙofar ƙarfen. Ta ɗaga hannu kamar za ta buga, ta fasa. Ta juya ta nufi tasha.

Ban san lokacin da na tsallaka titi ba. "Dona Zulmira! Tsaya!"

Ta waigo ta ƙara ƙanƙame jakar. "Ba komai, baiwar Allah. Na ga an rufe. Ki gaishe ta."

"Saƙonki ya iso, yana ciki."

Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta gane an faɗa mini. "Ba na bukata. Zan yafa mayafi, sanyi ake yi ai." Ta ci gaba da tafiya.

Na bi ta a baya. Ban iya rarrashi ba, ban taɓa iyawa ba. Idona ya faɗa kan ledar, na ga gefen yadi ya leƙo.

"Wane launi ce rigar?"

Ta rage sauri. "Kore."

"Kore mai duhu ko mai haske?"

"Kamar ganyen zaitun." Ta tsaya. "'Yata ce ta zaɓa. Ni na ce mata ya yi mini yarinta."

"Mu gani."

A tsakiyar titi ta buɗe ledar kaɗan. Na taɓa yadin, na san yadi, wannan kam na sani. Na ce mata mai kyau ne, zai zauna a jiki, kuma zunubi ne a rufe shi da mayafi. Ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki. Na karɓi ledar daga hannunta na juya, ta biyo ni.

Telmo ya tare mu a ƙofar gida. "Maƙwabciya, mun yi magana."

"Mun yi. Matsa."

"Nas ta ce kada a..."

Daga sama muryar ta sauko, siririya amma sarai. "Wa ke nan? Na ji takun baƙo. Telmo, wa ke nan?"

Ya ɗaga kai ya dubi matakalar. Tun isowarsa bai ji ta ɗaga murya haka ba. Ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya matsa gefe. Na ce masa ya buɗe kanti ya ɗauko farin kwali a durowar ƙasa, ya tafi.

Mun tarar ta riga ta gyara gashinta da yatsu. "Zulmira! Na ɗauka kin gudu kin koma wa manyan kantuna."

"Haba, Dona Filomena. Ban san jikin ya yi haka ba, da ban..."

"Jikin nan ya gama aikinsa, naki muke magana. Telmo, ajiye kwalin ka fita. Je ka dafa mana kofi, in Faransawa sun koya maka."

Na tura mata filo a baya, na rufe ƙofa. Zulmira ta tsaya a tsakiyar ɗaki, yatsunta a kan maɓallin wuyan rigarta, sun ƙi motsi. Dona Filomena ko kallon hannun ba ta yi ba.

"An ce angon ɗan masu gidan burodin garin Tortosendo ne?"

"Shi ne, na biyun."

"Kunnuwan ubansa ya ɗauko?"

"Sun ma fi na uban."

"Madalla. Jikokinki ba za su ce ba su ji kira ba."

Zulmira ta tuntsire da dariya, maɓalli na farko ya buɗe. Aka shiga maganar uwar ango da rowarta, da wanda zai yanka cuku, da ƙanwar miji da ta ce ba za ta zo ba amma kowa ya san ita za ta fara isa. Dona Filomena na magana tana tsayawa ta ja iska, ta ci gaba. Rigar ta sauka a kan kujera ba wanda ya ce a cire.

Na matso da sabuwar rigar nonon.

"Tsaya, Odete. Sa hannuwanki a hammata tukuna. Ni da ke shirin zama gawa ma nawa sun fi naki ɗumi."

Na sa, na tsaya kamar kaza. Zulmira ta juyo, hannunta a kan ƙirji, sannan a hankali ta sauke shi. Tabon ya taso daga tsakiyar ƙirji ya tafi har hammata. 

Dona Filomena ta sa tabarau ta duba da kyau, yadda take duba ɗinkin da aka kawo mata. "Kai, likitan nan ya iya ɗinki. Da na same shi da wuri da na ɗauke shi aiki."

Zulmira ta rufe baki tana dariya tana kuka. Ni kuwa na zura mata hannuwa, na ɗaura ta baya. Dona Filomena na ba da umarni daga gado: ɗaga igiyar hagu, ƙara kaɗan, ya yi yawa, mayar. Ta sa na kawo allura na rage gefe ɗaya a jikinta. Sau biyu muryarta ta ɗauke, na waiga a tsorace, ta yi mini alama da yatsa in ci gaba.

Da muka zura koriyar rigar na ja zif, Zulmira ta juya ga madubin jikin kabad. Ta daɗe tana kallo. Kafaɗar nan ta hagu da take karkatawa ta miƙe da kanta.

"Mijina Belmiro zai ce wace ce wannan," in ji ta a hankali.

"Ki bar shi ya tambaya. Kuma gobe ki ja shi filin rawa, ko ƙafarsa na ciwo."

Zulmira ta durƙusa ta sumbaci hannunta. Dona Filomena ta shafa mata kai ta ce, "Tashi, za ki yamutsa rigar." Telmo ya ƙwanƙwasa da kofi. Ya dubi baƙuwar, ya dubi uwarsa da kumatunta suka ɗan yi ja, ya ajiye tiren ya fita da sauri. Na ji shi yana fyace hanci a matakala.

Bayan tafiyar Zulmira ta yi barci mai nauyi har yamma.

Da safiyar Asabar, ranar bikin, Fada limamin coci ya zo ya yi mata addu'a. Bayan ya tafi ta buɗe ido ta tambaya ko ana ruwa. Na ce rana ta fito tar. Ta ce, "Yauwa." Maganarta ta ƙarshe ke nan. Wajen tsakar rana numfashin ya fara nisa da juna. Telmo na riƙe da hannunta, ni ina tsaye a ƙarshen gado ina murza mata ƙafa, har muka jira na gaba bai zo ba.

Ranar Lahadi da safe masu shirya gawa suka aiko a kai musu safar da za a sa mata. Telmo ya ba ni makulli, na ɗaga ƙofar ƙarfen zuwa rabi don haske ya shigo. Ina durƙushe ina neman mai kyau a cikin kwalaye, sai na ga ƙafafun mutum a waje, da baƙin takalmi mai ƙura. Ya sunkuyo ya shigo. Gajere ne kakkaura, da kwat ɗin biki da malafa, yana riƙe da kwano an rufe da farin ƙyalle.

"Barka da safiya. Nan ne wurin Dona Filomena? Ni ne Belmiro, mijin Zulmira." Muryarsa ta dishe. "Ta ce lallai in kawo mata wannan da hannuna, kek ɗin biki ne. Ko gida ban zauna ba. Ta ce in faɗa mata ta yi rawa. Wallahi ta yi rawa, har ni ta ja, ga ƙafata nan ta kumbura. Rabon da in ga..."

Ya tsaya. Ya lura da baƙaƙen kayan da ke jikina, ya ga Telmo zaune a matakala da jajayen idanu.

"Jiya da rana," na ce masa.

Ya dubi kwanon, ya rasa inda zai ajiye shi. Na karɓa na ɗora a kan kanta. Sannan ya ɗaga hannu a hankali ya cire malafarsa. Shinkafar da aka watsa wa ango da amarya a ƙofar coci ta maƙale a gefenta tun jiya, sai ta zubo a kan katakon kantin, ƙwaya-ƙwaya, tana ɗan tsalle, ta watsu cikin hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Mu uku muka tsaya muna kallonta har ta ƙarshe ta daina birgima.